Tallan sari-ka-noƙe: wa ke ɗaukar nauyin arahar?

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Hausa ya san gardi da kurarsa. Ba ya sayen fili a rediyo, ba ya buga takarda. Kura yake jawowa da sarƙa da takunkumi zuwa bakin kasuwa, makaɗi ya saki ganga, kafin a ankara mutane sun yi da'ira. Sai da'irar ta yi kauri ake kwance jakar magani. Aikin kurar ɗaya ne, ta tsayar da mai wucewa. Wannan dabarar, wadda ake kira tallan sari-ka-noƙe, ita ce kamfanonin talla na duniya suka mayar sana'a mai zaman kanta, musamman daga 1984, lokacin da wani Ba'amurke mai suna Jay Conrad Levinson ya yayata ta a matsayin makamin ƙananan 'yan kasuwa waɗanda ba su da kuɗin talabijin. Daga baya manya suka karɓe ta. Da wayar hannu mai kyamara ta shiga aljihun kowa, sai abin ya sauya fuska: yanzu ba don mutum ɗari da ke tsaye a wurin ake shirya wasan ba, don miliyoyin da za su kalli bidiyon ne.

Abin da ke jan kamfani zuwa irin wannan tallan shi ne araha, kuma ya kamata a tambayi daga ina arahar take fitowa. A tallan da aka saba, kamfani ne ke biyan kuɗin allo, da na lokacin rediyo, da na isar da saƙo. A wannan kuwa titin na jama'a ne, hankalin da aka ɗauke na mai wucewa ne, datar da aka tura bidiyon da ita ta mai kallo ce, sunan da aka jingina saƙon da shi ma nasa ne. In abu ya ɓaci, 'yan sanda da asibiti da 'yan kwana-kwana ne ke kwasa. Kuɗin bai ɓace ba, an ɗora wa wasu ne. Saboda haka martanin jama'a kusan kullum yana bin tambaya guda: an biya mu wahalarmu da wani abin dariya ko mamaki ko amfani, ko kuwa an yi amfani da mu ne kawai?

A 2012 tashar talabijin ta TNT ta buɗe a Beljiyam. Aka kafa jan maɓalli a tsakiyar dandalin wani ƙaramin gari mai shiru, da alamar da ke cewa a danna. Wanda ya danna sai ya ga motar asibiti ta taho, majinyaci ya suɓuce daga gadon ɗaukar marasa lafiya, dambe ya kaure, 'yan sanda da ɓarayi na harbin wasa, a ƙarshe ƙyalle mai sunan tashar ya sauko daga bene. Komai an yi atisayensa, an ɓoye kyamarori ta kusurwoyi da dama, an yanke bidiyon bai kai minti biyu ba, kuma mutane miliyoyi suka kalle shi cikin kwanaki. Abu biyu ne suka riƙe shi. Na farko, mai wucewa da kansa ya zaɓi dannawa, ba a faɗa masa ba. Na biyu, abin da aka nuna shi ne ainihin hajar, wato finafinan tashin hankali da ban dariya. Yawancin masu kwaikwayo a nan suke faɗuwa: su yi abin mamaki da ba shi da alaƙa da kayansu, mutane su tuna wasan su manta mai shi.

Ita kuma yaɗuwa lissafi ce mai sauƙi. A ɗauka mutum 100 suka fara, kowa ya gayyaci uku, rabin waɗanda aka gayyata suka amsa. Ke nan duk mutum biyu suna jawo uku. A zagaye na goma sababbin shiga sun haura 5,700. In kuwa duk mutum goma takwas kawai suke jawowa, abin zai yi ta raguwa har ya mutu a kan mutum 500, kome kyan bidiyon. Gasar kwara ruwan ƙanƙara ta 2014, wadda aka yi don cutar shanyewar jijiyoyi ta ALS, a kan wannan lissafin ta tashi. Kayan aikin bokiti ne da ruwa, bidiyon bai kai minti ɗaya ba, ana kiran sunan mutum uku a bainar jama'a, a ba su awa 24 su ma su kwara wa kansu ruwan ko su ba da gudummawa. Kiran suna shi ne injin, domin wanda aka ambata a gaban abokansa yana jin nauyin yin shiru. An ɗora bidiyo kimanin miliyan 17 a Facebook, ƙungiyar ALS ta Amurka ta tara dala miliyan 115, kuma wani ɓangare na kuɗin ya tallafa wa binciken da ya gano alaƙar ƙwayar halitta ta NEK1 da cutar a 2016.

Sai dai akwai tarko a nan. Jonah Berger da Katherine Milkman sun nazarci labarai kusan 7,000 na jaridar New York Times, suka wallafa sakamakon a 2012: abin da ke motsa jini, mamaki ko fushi ko fargaba, shi aka fi turawa, abin da ke sanyaya jiki kamar baƙin ciki kuwa ba ya tafiya sosai. Ma'ana fushi yana gudu kamar yadda sha'awa take gudu. Ma'aikacin talla da aka ce ya kawo yawan masu kallo kawai, ba tare da an tambaye shi me suka ji ba, an riga an tura shi hanyar tsokana.

Babu misalin da ya kai na birnin Boston na Amurka bayyana yadda abu ke kuɓucewa. A watan Janairun 2007 kamfanin Turner, mai tashar Cartoon Network, ya ba wani kamfanin talla mai suna Interference kwangilar tallata wani fim ɗin zane. Aka ƙera ƙananan alluna masu faɗin kamar ƙafa ɗaya, an jera musu 'yan fitilu a siffar wani ɗan wasan zanen, da manyan batura huɗu a ƙasa, da maganaɗisu a baya don su manne a jikin ƙarfe. Aka liƙa su a birane goma, har da New York da Chicago da Los Angeles. Sun yi makonni a liƙe ba wanda ya damu. Ranar 31 ga Janairu da safe, wani ya hango ɗaya a jikin ginshiƙin gadar babbar hanya, daidai tashar jirgin ƙasa ta Sullivan Square. Da dare allon hoto ne mai walƙiya wanda matasa masu kallon tashar suka sani. Da safe kuwa, a idon wanda bai taɓa jin labarin shirin ba, allo ne mai wayoyi da batura a ƙarƙashin gada, a birnin da biyu daga cikin jiragen harin 11 ga Satumba 2001 suka tashi. Aka rufe hanya, aka tsayar da jiragen ƙasa, masu kwance bam suka tarwatsa allon, kira ya yi ta shigowa daga wasu unguwanni. Sai da yamma kamfanin ya fito ya ce kayansa ne. Aka kama matasa biyu da aka ɗauka aikin liƙawa, kamfanonin biyu suka biya dala miliyan 2, shugaban Cartoon Network, Jim Samples, ya ajiye aiki bayan kwana tara.

Mutane da yawa sun ce hukumomin Boston sun wuce gona da iri, tunda sauran biranen tara ba su firgita ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke masu tallan ba. Sun tsara abin ne da idon wanda ya riga ya san amsar. Ba su nemi izini ba, ba su sanar da 'yan sanda ba, ba su rubuta suna ko lambar waya a bayan allon ba, kuma da gari ya rikice sun bar awanni suna wucewa. Ba ma sabon abu ba ne: a 2006 an saka 'yan na'urorin kiɗa masu wayoyi a akwatunan sayar da jaridar Los Angeles Times kimanin 4,500 don tallan wani fim, masu kwance bam suka fasa ɗaya. Wanda zai gwada irin wannan a Kano ko Maiduguri ko Diffa, inda mutane suka ga abin da jakar da aka yasar take iya yi, ya sani wanda aka aika ya ajiye kayan ne zai fara shiga hannun jama'a kafin a kai ga bayani. Haka nan wasan sace mutum na ƙarya da wasu masu neman mabiya ke yi a titi.

Hanya ta biyu ta lalacewa ita ce alkawarin da ba a yi masa lissafi ba. A 1992 Pepsi ta yi garaɓasa a Filifin: lamba uku a cikin marfin kwalba, ana sanar da mai nasara kowane dare a talabijin, babbar kyauta feso miliyan ɗaya, kimanin dala 40,000 a lokacin. Ciniki ya tashi, sai aka ƙara wa'adi. Ranar 25 ga Mayu aka sanar da 349. Marfi biyu kacal aka nufa su ci, masu lambar tsaro ta musamman, amma tun a zangon farko an riga an buga 349 a marfi 800,000 a matsayin lambar da ba ta ci. Ba wanda ya gwama jerin lambobin sabon zango da na tsohon. Kamfanin ya ce zai ba kowa feso 500 na ban-haƙuri. Kusan mutum rabin miliyan suka karɓa, sauran suka ƙi. Aka jejjefi motocin kamfanin aka ƙona wasu, aƙalla mutum biyar suka mutu, ciki har da wata malamar makaranta da yarinya 'yar shekara biyar da gurneti ya rutsa da su. Shari'a ba ta ƙare ba sai 2006, kotun ƙoli ta ce kamfanin ba shi da alhakin biya. Ga talakan da ya kwana yana ƙidaya abin da zai yi da miliyan ɗaya, bayanin lambar tsaro bai zama amsa ba.

Na Hoover, mai ƙera na'urar share ƙura, a Ingila a shekarar dai, ba kuskuren na'ura ba ne, ganganci ne. Duk wanda ya sayi kayan fam 100 zai samu tikitin jirgi biyu na zuwa da dawowa, da fari zuwa Turai, daga baya har Amurka, alhali tikitin Amurkan sun ninka kuɗin kayan sau da yawa. Kamfanin ya dogara ne da cewa wahalar cike takardu za ta kori yawancin mutane. Ba ta kore su ba, domin tikitin suka zo saya, na'urar share ƙura ce gyara. Hasarar ta kai kusan fam miliyan 50, aka kori manyan shugabanni, a 1995 aka sayar da reshen Turai ga kamfanin Candy na Italiya. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a lissafa garaɓasa kamar kowa zai zo ya karɓa. In kamfani ba zai iya ɗaukar wannan adadin ba, a sa iyaka a rubuce tun ranar farko.

Mafi muni shi ne taro. A Agustan 2013 LG ta sanar cewa za ta saki balan-balan 100 a wani lambu a birnin Seoul, kowace da takardar karɓar sabuwar waya kyauta. Mutane suka zo da bindigogin wasa masu harsashin roba da sanduna masu tsini, kimanin 20 suka ji rauni. A Agustan 2023 wani matashi mai dubban dubatar mabiya, Kai Cenat, ya ce zai raba na'urorin wasan PlayStation a dandalin Union Square na New York ba tare da izini ba. Dubbai suka cika wurin, aka kama mutum 65. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan, ko da yake namu ta ƙofar sadaka ya zo. A Disambar 2024 yara 35 suka mutu a Ibadan a taron da aka yayata cewa za a ba yara 5,000 naira dubu biyar-biyar. Bayan kwana uku mutum 22 suka mutu a Okija, 10 a Maitama ta Abuja, duk a wurin rabon abinci. Tsarin ɗaya ne da na garaɓasar kamfani: kaya ƙayyadaddu, sanarwa marar iyaka, ƙofa ɗaya, wanda ya riga zuwa shi ke samu.

Turmutsutsu yana da alƙaluma, kuma duk mai shirya taro ya kamata ya san su. Mutum biyu a murabba'in mita ɗaya suna walwala. In an kai biyar, hatsari ya fara. Daga shida zuwa sama mutum ba ya iya sarrafa inda jikinsa ke tafiya, matsi ya hana ƙirji buɗewa, shi ya sa da yawa a tsaye suke shaƙewa kafin su faɗi. Filin mita 20 da mita 30 murabba'i 600 ne: mutum 1,200 ya dace da su, in 3,600 suka shiga an kai shida. Ƙofa mai faɗin mita ɗaya a shimfiɗaɗɗen wuri tana wuce da kimanin mutum 80 a minti in ba abin da ya tare. Amma in kowa sai an duba sunansa an miƙa masa kaya, a ce daƙiƙa goma, tebur ɗaya mutum shida yake sallama a minti. Mutum 3,000 za su ci fiye da awa takwas a rana tsaka, kuma ba wanda zai yi wannan haƙurin yana ganin kaya na ƙarewa. Tebur goma za su gama cikin minti 50. Maganin shi ne a raba kati ko lamba tun kafin ranar, a rarraba mutane bisa lokaci da wurare, ƙofar shiga daban ta fita daban, a buɗe tun kafin jama'a su taru a bakin ƙyaure. Rajista ma tana da wani amfanin: tana nuna yawan masu zuwa. Lokacin da Hilda Baci da kamfanin Gino suka shirya dafa dafa-dukar da ta kafa tarihi a Legas a Satumbar 2025, mai nauyin kilo 8,780, yawan waɗanda suka yi rajista ne ya sa aka sauya wuri zuwa harabar otal ɗin Eko kafin ranar.

Wani lokacin jikin ɗan takara ne ake caca da shi. A Janairun 2007 gidan rediyon KDND a birnin Sacramento na Amurka ya sa gasar shan ruwa ba tare da zuwa bayan gida ba, kyautar na'urar wasa ta Wii. Masu saurare sun kira suna gargaɗi cewa ruwa da yawa yana kisa, masu gabatarwa suka ce ai 'yan takarar sun sa hannu a takarda. Wata uwa mai 'ya'ya uku ta sha kimanin lita bakwai, ta rasu a ranar. Ruwa in ya yi yawa cikin ɗan lokaci yana tsinka gishirin jini, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A 2009 kotu ta ba iyalinta diyyar dala miliyan 16.5, sa hannun bai kare gidan rediyon ba. Duk gasar ci ko sha ko juriya da ba a nuna wa likita tsarinta ba, bai kamata ta fita ba. Na kamfanin lemo na Snapple kuwa rashin gwaji ne tsagwaronsa: a Yunin 2005 ta kawo ƙanƙarar lemo mai nauyin tan 17 da rabi dandalin Union Square na New York a ranar zafi, ta narke kafin a ɗaga ta, ruwan zaƙi ya malale titi, sai da 'yan kwana-kwana suka rufe hanyoyi suka wanke.

Sai abubuwan da mutane ke girmamawa. Ƙasa da wata ɗaya bayan rikicin alluna, gasar neman taska ta Dr Pepper ta ɓoye wata kwabo a tsohuwar maƙabartar Granary ta Boston, hukuma ta kulle ƙofa don kada a tone kaburbura. A Ista ta 2022 bankin Sterling ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege, ƙungiyar CAN ta yi tir, bankin ya nemi gafara, hukumar kula da tallace-tallace ta ce ba a kawo mata tallan ta tantance ba. Shekara na zagayowa madarar Peak ta faɗa irin ramin da hoton gwangwani mai huji a ranar Juma'ar Ista. A Indiya, a Fabrairun 2024, aka sanar cewa 'yar fim Poonam Pandey ta mutu da sankarar bakin mahaifa, washegari ta fito da rai ta ce faɗakarwa ce. An yi maganar cutar, gaskiya ne, amma an yi wasa da hawayen waɗanda suka binne nasu saboda ita, kuma kamfanin da ya shirya ya nemi afuwa. Irin waɗannan suna faruwa ne idan duk waɗanda ke ɗakin shawara shekarunsu ɗaya, tunaninsu ɗaya, ba a kira ko mutum guda daga waɗanda abin zai taɓa ba.

Masu cewa ko zagi ma talla ne suna da hujja guda da suke yawan kawowa. A gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, kamfanin Bavaria na Holan, wanda ba ya cikin masu ɗaukar nauyin gasar, ya shigar da mata 36 cikin rigunan ruwan lemo iri ɗaya filin wasa. FIFA ta sa aka fitar da su, aka kama biyu, labarin ya zagaya duniya, jama'a suka goyi bayan matan. A nan tsokanar ta yi riba ne domin babba aka tsokana, ba a cuci ɗan kallo ba. Inda wanda aka taɓa shi ne talaka ko mai makoki ko mai ibada, ba ta biya. Kuma haske yana jawo bincike: kamfanin State Street ya sha yabo a Maris 2017 da ya kafa mutum-mutumin yarinya a gaban mutum-mutumin bijimin Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta New York, don kiran a ba mata muƙamai, a Oktoba sai ga shi ya amince ya biya dala miliyan 5 kan zargin biyan manyan ma'aikatansa mata da baƙaƙen fata ƙasa da takwarorinsu.

A Najeriya dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta wajabta tantance talla kafin ya fita, har wanda za a sa a kafafen sada zumunta. Garaɓasa mai kyaututtuka tana bi ta hannun hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, abin da za a kafa a titin Legas kuma sai da izinin LASAA, hukumar allunan talla ta jihar. Bayan takardun hukuma akwai ƙananan abubuwa da ba su cin kuɗi. A kai wa DPO na yankin takarda da hoton abin da za a ajiye da ranar da za a kwashe, a gaida mai unguwa da shugaban kasuwa. A manna suna da lambar waya a jikin kowane abu. A nuna shi ga mutum biyar da ba su san komai ba, da rana da kuma dare, a tambaye su me suka gani, ba tare da an yi musu bayani ba. A rubuta sanarwar ban-haƙuri da ta bayani tun kafin a fara, a kuma naɗa mutum ɗaya da ke da ikon cewa a tsaya ba sai ya kira kowa ba.

Lokacin tsayarwar ma sai an tsara shi. Red Bull ta ɗage tsallen da Felix Baumgartner zai yi da laima daga sararin sama ranar 9 ga Oktoba 2012 saboda iska, bayan shekaru ana shiri, ya yi shi ranar 14 daga nisan kusan kilomita 39, mutum fiye da miliyan 8 na kallo kai tsaye a YouTube. Ɗagewar ba ta cutar da kowa ba domin masu kallo suna gidajensu. A Faris kuwa, a Nuwambar 2009, wani kamfanin intanet ya yi alkawarin raba tsabar kuɗi daga cikin motar bas kusa da hasumiyar Eiffel. Sai da dubban mutane suka taru sannan aka soke saboda tsaro. Taron ya fusata, aka kifar da mota, aka farfasa gilasan shaguna, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shigo suka yi kame.